Daga Kibiya Zuwa Bindigar Toka: Yadda Maharbin Zamfara Ya Koyi Ɗuri

Kafin bindiga ta yawaita, maharban Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda da kwari da baka suke shiga dazuka irin su Dumburum da Sububu. Ƙarfin kibiya yana ga dafinta, wanda ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani. Gwanki ko ɓauna in suka sha kibiya, sai maharbi ya bi sawu har dafi ya kayar da su.

Bindiga ta iso ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu: fataken Sahara daga Tarabulus, da kuma kudu, inda Turawa ke sayar da ita a bakin teku. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙyastu da albarushi. Shi ya sa lokacin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da harsashin .375 a 1912, Baturen farauta na zaɓen bindiga gwargwadon girman dabba, shi kuwa maharbin Zamfara bindiga ɗaya gare shi.

Sai gwanintarsa ta koma ga ɗuri. Da yatsu yake auna tsawon abin da ya ɗura. Zabo da fakara, albarushi kaɗan da ƙananan tsaba masu watsuwa. Gada da barewa, a ƙara girman tsabar. Gwanki da mugun dawa kuwa, sai dunƙulen dalma ko guntun ƙarfe, a danna tsumma a kai. Maharban giwa har sango suke cusawa, mashi mai dafi da ake harbawa daga bakin bindiga. In ɗuri ya yi yawa, bindiga ta fashe a hannun mai ita. In ya gaza, naman ya tsere da rauni.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, motoci suka biyo baya, maƙera suka samu bututu da tsohon ƙarfe suka fara ƙera tasu bindigar. Dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi ga bindigar da ake ɗurawa ta baki.

Yau manyan namun dawa sun ƙaranta, 'yan bindiga masu AK-47 sun mamaye dazukan. Bindigar toka ta koma hannun 'yan banga, tana tsaron gari, masu sanin ɗurin kowace dabba kuma suna ta raguwa.