Yadda matasa masu gasar fatsa ke samun kamfanonin da za su ɗauki nauyinsu a Amurka

A Amurka, kamun kifi da fatsa ya daɗe da zama wasa mai ƙa'ida, da alƙalai, da kyautar kuɗi, ana kuma nuna shi kai tsaye a talabijin da intanet. Wanda ya taɓa kallon gasar zai lura da rigar 'yan wasan, wadda tamburan kamfanoni suka rufe daga kafaɗa har ƙugu. Kowane tambari yarjejeniya ce, kuma da waɗannan yarjejeniyoyi akasarin ƙwararru ke ci da iyalinsu, domin kyautar gasa ba ta da tabbas. Shi ya sa matashin da ke son shiga harkar yake fuskantar tambayar da ta fi ta iya jefa ƙugiya wuya: wa zai biya kuɗin jirgi, da mai, da masauki, da rajista, kafin ya fara cin komai?

Asalin gasar

Kifin da aka fi gasa a kansa shi ne wanda ake kira bass, mai zama a tafkuna da koguna. Wani dillalin inshora daga Alabama, Ray Scott, shi ya shirya gasar da ake ɗauka a matsayin mafari, a tafkin Beaver da ke jihar Arkansas a shekarar 1967. Mutum 106 suka shiga, kowa ya biya dala 100. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., wadda ta fara babbar gasarta ta shekara-shekara, Bassmaster Classic, a tafkin Mead a 1971. Bobby Murray ya lashe ta, ya tafi da dala 10,000. A 'yan shekarun nan wanda ya zo na ɗaya yana karɓar dala 300,000.

Tsarin da aka saba da shi ba shi da sarƙaƙiya. Kowane ɗan wasa zai kawo kifi biyar mafiya girma da ya kama a yini, a auna su da ransu, sannan a mayar da su ruwa. Wanda jimillar nauyin kifinsa ta fi ta kowa a ƙarshen kwanakin gasar shi ne zakara. Ba a yarda da raga ba, kuma da koton roba ko na ƙarfe ake kamun.

Manyan ƙungiyoyi biyu ke riƙe da harkar a yau: B.A.S.S., mai jerin gasannin Elite da aka fara a 2006, da Major League Fishing, wadda ta ƙaddamar da nata jerin na ƙwararru a 2019, ta kuma sayi tsohuwar ƙungiyar FLW a wannan shekara.

Abin da ake kashewa

Sabon jirgin gasa mai injin ƙarfin doki 250, da na'urorin hango kifi a ƙarƙashin ruwa, kan kusa dala 100,000 ko ya wuce. Sai motar da za ta ja shi daga jiha zuwa jiha, da mai, da masauki na makonni, da sandunan fatsa birjik. Kafin 2025, kuɗin rajista kaɗai a jerin Elite ya kai kimanin dala 45,000 a shekara, har B.A.S.S. ta soke shi a kakar 2025. A matakan ƙasa, inda matashi ke farawa, har yanzu kowa daga aljihunsa yake biya.

Kyautar kuwa tana taruwa ne a sama. Wanda ya lashe gasa guda ta Elite yana samun dala 100,000, amma wanda ya ƙare can ƙasan jadawali zai iya komawa gida da abin da bai kai kuɗin hanyarsa ba. Mutum zai iya yin kaka guda yana kamun kirki, ya rufe shekara da bashi. Wannan giɓi ne kuɗin masu ɗaukar nauyi ke cikewa.

Matakan ɗaukar nauyi

Kalmar ɗaukar nauyi tana ɓoye bambanci mai yawa, kuma a nan matasa suka fi ruɗewa.

Matakin farko rangwame ne. Kamfani zai sa matashi cikin jerin 'yan tallansa, ya sayar masa da kaya a farashi mai sauƙi, shi kuma ya liƙa tambarin a riga, ya riƙa yabon kayan a shafukansa. Laƙabin da ake ba irin waɗannan mutane, pro staff, yakan sa a zaci ƙwararru ne, alhali asalin ma'anarsa ma'aikatan talla. A wannan mataki kuɗi daga aljihun matashin suke tafiya zuwa kamfani, har wasu ƙananan kamfanoni sun mayar da tsarin hanyar samun masu saye na dindindin.

Mataki na biyu shi ne kaya kyauta: sanduna, zare, koto, tabarau ko tufafi na wani adadi a shekara. Na uku shi ne biyan kuɗin rajistar gasa ko wani ɓangare na kuɗin tafiya. Na ƙarshe, wanda 'yan ƙalilan ke kaiwa, shi ne albashi na wata-wata, wani lokaci da kaso daga cinikin kayan da ke ɗauke da sunan ɗan wasa. Kevin VanDam, wanda ya lashe Classic sau huɗu, a 2001, 2005, 2010 da 2011, ya shafe shekaru sunansa na kan koton kamfanin Strike King.

Harkar jirgi tana da nata salo. Sau da yawa ba kyauta ake ba ɗan wasa ba. Akan ba shi da rangwame, a jinkirta biyan har ƙarshen kaka, shi zai nemi mai saye ya biya kamfani. Idan kasuwar jiragen hannu ta faɗi, asarar tasa ce. Akwai kuma tukuicin da kamfanoni irin su Toyota, Yamaha da Ranger ke ba duk wanda ya yi rajista da su, ya yi amfani da kayansu, ya kuma zo a sahun gaba. Wannan ƙofa a buɗe take ga kowa, ba sai da kwantiragi ba.

Abin da kamfani ke saye

Manajan talla ba ya biyan mutum don ya iya kama kifi kawai. Masu iyawa suna da yawa. Abin da yake nema shi ne wanda zai sa wasu su sayi kaya. Saboda haka kwantiragi kan lissafa ayyuka dalla-dalla: kwanaki nawa ɗan wasa zai tsaya a rumfar kamfani a bajekoli, bidiyo nawa zai fitar a wata, shaguna nawa zai ziyarta, da ko zai ɗauki manyan dillalai yawon kamun kifi.

YouTube da Instagram sun ƙara fito da wannan gaskiya fili. Wasu matasa da suka yi suna a YouTube da laƙabin Googan Squad sun kai ga fitar da koto mai sunansu, wanda ake sayarwa a manyan shaguna, ba tare da sun bi ta jerin gasannin ƙwararru ba. Duk da haka nasara a gasa ba ta rasa daraja ba, domin ita ke jawo kyamara, ita kuma ke sa mai saye ya gaskata maganar ɗan wasa. Wanda ya haɗa biyun shi ake rububi.

Masu ɗaukar nauyi iri biyu ne. Akwai na cikin sana'a, masu ƙera jirgi, inji, sanda da koto, waɗanda kowa ke ƙwanƙwasa ƙofarsu, kuma sun fi son biya da kaya. Akwai na waje, kamar bankuna, dillalan motoci, kamfanonin gini da gidajen abinci, waɗanda ba su da koton da za su bayar, don haka idan sun yarda tsabar kuɗi suke ba da wa. Ga mai farawa, ɗan kasuwar garinsu da ya san iyayensa ya fi babban kamfani saurin amsawa.

Hanyar makaranta

Matasan yau suna da tsanin da na baya ba su samu ba. A 2009 jihar Illinois ta zama ta farko da ta shigar da gasar kamun bass cikin wasannin makarantun sakandare a hukumance. Ɗalibai biyu ke shiga jirgi, wani babba yana tuƙa musu. Wasu jami'o'i suna ba da tallafin karatu ga masu fatsa. Da yake wasan ba ya ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ɗalibai sun daɗe suna karɓar kyautar kuɗi da kayan kamfanoni tun kafin a sassauta wa 'yan ƙwallo irin wannan doka.

Tsanin ya fitar da zakaru. Jordan Lee, wanda ya taso daga ƙungiyar jami'ar Auburn, ya lashe Classic a 2017 da 2018. Trey McKinney ya ci gasar Elite a tafkin Fork na Texas a 2024 yana ɗan shekara 19. Easton Fothergill, tsohon ɗalibin jami'ar Montevallo, ya ɗauki Classic ta 2025 yana da shekara 22. Ƙungiyar makaranta tana da wani amfanin kuma: kamfanoni kan ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar gaba ɗaya, ta nan ɗalibi ke fara sanin mutanen da za su tuna da shi daga baya.

Yadda ake nema

Waɗanda suka daɗe a harkar sun yi ittifaƙi a kan wasu abubuwa. Na farko, mutum ya nemi kamfanin da tun asali yake amfani da kayansa, domin manaja na gane wanda bai taɓa riƙe sandarsu ba. Na biyu, takardar neman ta zama gajera, ta nuna sakamakon gasanni na gaskiya, da jadawalin kaka mai zuwa, da yawan masu kallonsa, sannan ta faɗi ƙarara abin da zai yi wa kamfanin. Wasiƙar da ta fara da jerin buƙatu ba ta cika samun amsa ba.

Na uku shi ne lokaci. Kamfanoni da yawa kan tsara kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshen shekara, wanda ya zo a Fabrairu ya tarar an gama rabo. Babban bajekolin kayan fatsa na ICAST, da ake yi a watan Yuli a Orlando, wuri ne na sanin fuska, ko da yake na 'yan kasuwar harkar ne, ba kowa ake bari ya shiga ba. Na huɗu, bayan an samu, a riƙa aika wa kamfani rahoton abin da aka yi ba tare da an tambaya ba. Sabunta kwantiragi ya fi samun sabo sauƙi.

Inda ake faɗawa rami

Kwantiragi kan hana ɗan wasa amfani da kayan abokan hamayya, don haka wanda ya sa hannu saboda ɗan rangwame zai iya rufe wa kansa ƙofar da ta fi. Wanda bai kai shekara 18 ba sai mahaifi ko mai kula da shi ya sa hannu. Hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta wajabta wa duk wanda aka biya ko aka ba kaya kyauta ya bayyana hakan a fili idan yana yabon kayan. Kyautar gasa da kuɗin talla duk ana biya musu haraji.

Mutunci kuma jari ne mai saurin zubewa. A Satumba 2022, a wata gasa a tafkin Erie da ke Ohio, an yanka kifin wasu mutum biyu aka tarar da dalma a ciki. Kotu ta ɗaure su kwana 10, aka ƙwace jirginsu, bidiyon tonon asirin ya zaga duniya.

Wa ke iya shiga?

Kuɗin talla yana bin yanayin tattalin arziki. A zamanin da FLW ke tashe, Walmart, Kellogg's da rundunar tsaron ƙasa ta National Guard sun zuba kuɗi, har Scott Suggs ya ci dala miliyan 1 a gasa guda a 2007. Bayan rikicin kuɗi na 2008, Genmar, kamfanin da ya mallaki jiragen Ranger, ya nemi kariyar fatara a 2009, masu talla na waje da dama suka janye. Daga baya Bass Pro Shops ya sayi Ranger da Triton, ya haɗa da shagunan Cabela's a 2017, ƙofofin da matashi zai ƙwanƙwasa suka ragu.

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kamfani yana son ganin sakamako kafin ya biya, sakamako kuma yana buƙatar jirgi da kuɗin hanya na shekaru. Ɗan gidan da ke da jirgi a bayan gida ya riga ɗan talaka tun ba a jefa ƙugiya ba. Muhawarar da ake yi a kan na'urar hango kifi kai tsaye, irin LiveScope da Garmin ya fitar a 2018, tana da alaƙa da wannan, domin tana cin dubban daloli, har B.A.S.S. ta taƙaita amfani da ita a 2025. Hanya mafi araha da ta rage ita ce shiga ƙananan gasanni a matsayin abokin kamu a bayan jirgin wani, ko gasar ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya. Baƙi ma sun taɓa ratsawa: Takahiro Omori na Japan ya lashe Classic a 2004, Jeff Gustafson na Kanada a 2023.

A Nijeriya, gasar da ta fi kusa da wannan ita ce bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, wanda ya samo asali a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Bambancin a bayyane yake. A kogin Matan Fada da homa da gora ake shiga, kayan da masunci ya riga ya mallaka, don haka tsada ba ta hana kowa. Sai dai gwamnati da kamfanoni bikin suke ɗaukar nauyi, kyautar ta yini guda ce, kuma babu jerin gasanni na shekara da zai sa kamfani ya ƙulla yarjejeniya da masunci guda. Samuwar irin wannan yarjejeniya a Amurka ta biyo bayan kafa gasanni masu jadawali, da sakamako a rubuce, da masu kallo da za a iya ƙirgawa.