Wa Ke Da Ikon Cewa Yaro Ya Ƙoshi?

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu Amurka, mu bi tarihin wata magana da mu ma muka taso muna ji: "Ba za ka tashi ba sai ka cinye."

A 1894 likitan yara Luther Emmett Holt ya fitar da littafin da ya zama jagoran uwaye a ƙasar, inda ya koyar da ciyar da yaro bisa agogo da awo. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, hukumar abinci ƙarƙashin Herbert Hoover ta ƙaddamar da gangamin hana almubazzaranci, aka riƙa horon yara kada su bar ko loma a faranti. Duk da haka, likitoci suka yi ta karɓar koke ɗaya daga iyaye: yara sun ƙi cin abinci.

Wannan ya sa wata likita, Clara Davis, ta yi gwaji da jarirai 15 'yan wata 6 zuwa 11. Daga cikin abinci fiye da iri 30, ana jera musu wasu a kowane zama, an kuma hana masu reno yin lallashi ko tilasci. Abin da yaro ya nuna shi ake ba shi. Rahotonta na 1939 ya ce kowanne ya ƙirƙiro nasa tsarin ci, wani ma ya karya kumallo da hanta da ruwan lemu, amma duk sun girma lafiya.

Sai dai mu kula: babu alewa ko kayan zaƙin kanti a abin da ta jera. Manya ne suka fara tantancewa kafin yaran su zaɓa.

A 1999 Jennifer Fisher da Leann Birch suka haska ɗaya ɓangaren: idan aka hana yaro wani abin kwaɗayi alhali yana ganinsa, sha'awarsa ƙaruwa take yi. Ke nan uwar da ke ɗura don tsoron rama da uban da ke hanawa don tsoron ƙiba, duk suna koya wa yaro ya daina sauraron cikinsa.

Namu shi ne zaɓen abin da zai shiga kwano da lokacin da za a zuba. Yawan loma kuwa, mai cikin ya fi mu sani.