'Yar Gaɓar da Ke Gaban Suna a Turanci

Me ya sa masu nahawun Ingilishi suke kiran a, an da the da suna "article"? Kalmar daga Latin ta fito, articulus, wato 'yar ƙaramar gaɓa irin ta yatsa. Rumawan ma fassaro ta suka yi daga arthron na Girkanci, shi ma gaɓa. Abin sha'awa, Latin kansa ba shi da irin waɗannan kalmomi. Sunan kawai ya karɓa ya miƙa gaba.

Larabawa ma'ana suka duba: ma'arifa da nakira, sananne da wanda ba a san shi ba. Namu masanan sun raba aikin gida biyu. Harafin da ke ƙarshen "littafin" da "rigar" madanganci ne, su wani da wata da wasu kuma mafayyaci.

To amma "wani" ba a ba ne, ko da yake sun yi kama. A da an guntayen tsohuwar kalmar ān ne, ma'anarta ɗaya. Da zarar ka san haka, dokar da ake ta haddacewa ta warware da kanta: lamba ba ta zama gaban abin da ba a ƙirgawa. Shi ya sa ake cewa a book, ba a cewa a water.

A nan ne nake da ja da sunan da aka laƙaba wa waɗannan sunaye, wato "uncountable", marasa ƙirguwa. Wa ya ce shawara ba ta ƙirguwa? Bahaushe na da shawarwari, Bafaranshe na da conseils, Baturen Ingila ne kaɗai a cikinsu ya hana advice jam'i, sai dai ya ce a piece of advice, kamar yadda muke cewa ƙwayar gero. Ashe kalmar ce ba ta ƙirguwa, ba abin ba. Otto Jespersen, masanin nan ɗan Denmark, ya kira su "mass-words", kalmomin tari, kuma a ganina sunansa ya fi dacewa.

Iyakar da ke tsakanin masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa ma ba a kafe take ba. A da pease sunan tari ne kamar rice. Kunne ya ji sautin ƙarshe ya ɗauka jam'i ne, sai aka yanko masa tilo, a pea.

Gaɓar kanta takan goce. A napron ya koma an apron, an ewt ya koma a newt. Mu ma haka muka yi da "al" ta Larabci: muka haɗiye ta ɗungum a albasa da alƙali da alƙalami, har muna cewa "alƙalamin", mun sanar da shi gaba da baya.

Ɗalibin da ya rubuta "an advice" hankalinsa daidai yake, al'adar kalmar ce bai sani ba. Malamai, ku koya masa kowane suna tare da yadda ake auna shi.