John Frémont: zinariya ta ɗaga shi, layin dogo ya kada shi

An haifi John Frémont a 1813 a Savannah, ƙasar Amurka. Hafsan soja ne mai jagorantar ayarin auna ƙasa zuwa yamma. A can ne, a 1846, mutanensa suka karkashe ƴan asalin yankin a bakin kogin Sacramento, abin da ba za mu tsallake ba.

A 1847 aka saya masa makeken filin Mariposa a Kaliforniya kan dala 3,000 (ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa ba). Ba a jima ba sai ga zinariya a ciki. Ya kuɗance, ya zama sanata a 1850. A 1856 ya yi wa jam'iyyar Republican takarar shugaban ƙasa, ya faɗi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, yana janar a Missouri, ya ba da umurnin ƴanta bayin ƴan tawaye bisa gaban kansa. Shugaba Lincoln ya soke umurnin, daga baya ya sauke shi.

Bashi da shari'o'i suka raba shi da Mariposa. Sauran dukiyar ya zuba a harkar layin dogo, ta nutse a 1873. Matarsa Jessie ce ta riƙe gidan da kuɗin rubuce-rubucenta, har ya mutu a New York a 1890.