Angélique Kidjo: 'Yar Maƙwabta Da Ta Bi Sawun Jaz Har Gida

Idan ka tashi daga Bahindi ka ratsa ƙasar Bagudo zuwa Tsamiya, ka tsallaka Segbana ka bi ta Kandi, hanya za ta sauke ka a Paraku. Gari ne da fataken Hausa suka daɗe da sani, domin zango ne a tsohuwar hanyar goro ta Gwanja, kuma a nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya. Sunan wannan gari Angélique Kidjo ta raɗa wa faifanta na farko da ta yi da sunanta a Turai. Mutanen bakin iyaka sun san Jamhuriyar Benin da shinkafa da motocin kwatano, amma kaɗan ne cikinmu suka san tarihin mawaƙiyar da ta fi kowa ɗaga sunan ƙasar, kuma wannan rashi ne a gare mu.

An haife ta ranar 14 ga Yuli, 1960, ana saura 'yan makonni Dahome ta sami 'yancin kai. Asalin gidansu Wida ne, ta kuma tashi a Kwatano. Mahaifinta ɗan ƙabilar Fon ne, mahaifiyarta tana da jinin Yarbawa, kuma ita ce ke jagorantar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, inda Angélique ta fara hawa dandamali tana 'yar shekara shida. A gidan ana jin faifan Miriam Makeba da James Brown da Aretha Franklin. A waje kuwa ba ta sha da daɗi ba. Ta sha ba da labarin yadda aka riƙa jifarta da sunan karuwa don kawai tana waƙa, har sai da kakarta ta ƙarfafa mata guiwa. Duk wanda ya san irin kallon da aka yi wa zabiyoyi da masu amada a ƙasar Hausa zai gane wannan ciwo ba tare da an yi masa bayani ba.

Faifanta na fari, Pretty, ya fito a 1981 da taimakon mawaƙin Kamaru Ekambi Brillant. Sai dai zamani ya yi tsauri. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, ya ɗora ƙasar kan tafarkin gurguzu, ya sauya mata suna daga Dahome zuwa Benin a 1975, ana kuma son mawaƙa su riƙa yabon juyin juya hali. Ta ƙi. A 1983 ta sulale zuwa Faransa.

A Paris ta shiga makarantar koyon jaz ta CIM, inda ta haɗu da Jean Hébrail, wanda ya zama mijinta kuma abokin aikinta. Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma ginshiƙinsa shi ne mawaƙi ya saki layin da aka tsara ya ƙago nasa nan take, makaɗa na ba shi amsa. Yarinyar da ta fito daga Wida, tashar da aka yi lodin bayi masu ɗimbin yawa zuwa Brazil da tsibiran Karibiyan, ba za ta ji wannan salo a matsayin baƙo ba. Ta zama babbar muryar ƙungiyar Pili Pili ta Jasper van 't Hof, ɗan ƙasar Holan mai kaɗa fiyano, suka yi faifai irin su Jakko, suka kuma hau dandamalin bikin jaz na Montreux a Suwizalan. Can ta goge: yadda ake riƙe numfashi, yadda ake sa murya ta yi gogayya da ƙaho.

Daga nan Chris Blackwell, mai kamfanin Island wanda ya fito da Bob Marley ga duniya, ya ɗauke ta. Logozo ya fito a 1991, Ayé a 1994, kuma a cikinsa ne waƙar "Agolo" take, wadda gidajen talabijin na Najeriya suka yi ta sakawa.

A ganina, abin da ya raba ta da sauran taurarin zamaninta shi ne abin da ta yi bayan ta shahara. Maimakon ta koma waƙa da Turanci ko Faransanci zalla don kasuwa, ta riƙe Fon da Yarbanci. Ita da mijinta suka ɗauki na'urar naɗar sauti suka bi garuruwan Benin suna naɗar ganguna da muryoyin mata, aka gina Fifa na 1996 a kan wannan. Sannan ta bi sawun waɗanda aka sayar, da faifai uku: Oremi a 1998 kan kiɗan baƙaƙen Amurka, tare da gwanayen jaz Cassandra Wilson da Branford Marsalis, Black Ivory Soul a 2002 kan Bahia ta Brazil, Oyaya! a 2004 kan Kuba da maƙwabtanta. A Eve na 2014, wanda ta sadaukar ga mahaifiyarta, ta sake naɗar ƙungiyoyin mata masu amshi a Benin da Kenya. Ina ma a ce an yi wa Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwaryarta irin wannan hidima kafin ta rasu a 2013. Waƙoƙin Barmani suna yawo a wayoyi, sau da yawa babu shekara, babu sunan 'yan amshi.

Kyautar Grammy ta zo wa Angélique sau biyar: Djin Djin, Eve, Sings, Celia, sai Mother Nature na 2021, inda ta jawo matasan Najeriya irin su Burna Boy da Yemi Alade da Mr Eazi. Tun 2002 take jakadiyar UNICEF, ta kuma kafa gidauniyar Batonga don karatun 'yan mata da sana'arsu. A 2023 aka ba ta lambar Polar a Suwidin, kuma cikin mutum ukun da aka karrama a wannan shekara har da Chris Blackwell.