Gadon jini da neman maganin ƙanjamau: me ya sa binciken ya kamata ya iso Gaya

An daɗe da sanin cewa wanda ya gaji rabin amosanin jini daga mahaifi guda yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1996 masana suka gano irin wannan game da ƙanjamau, wadda a Nijar aka fi kira sida. Yawanci ƙwayar cutar ba ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki sai ta kama wata ƙofa mai suna CCR5. Wanda ya gaji canjin da ake kira delta32 daga uwa da uba duka, ba shi da wannan ƙofar, don haka yawancin nau'o'in cutar ba sa samun mashiga a jikinsa.

A kan wannan aka samu warkewa ta farko. A 2007, a Berlin, likita Gero Hütter ya yi wa Timothy Ray Brown dashen ɓargo saboda sankarar jini, daga wani mai wannan gadon. Brown ya daina shan magani, ƙanjamau ba ta sake bayyana ba har sankarar ta yi ajalinsa a 2020. A 2019 aka sanar da na biyu a Landan.

Sai dai wannan hanya ba tamu ba ce. Masu cikakken gadon kusan ɗaya ne cikin 100 a arewacin Turai, a Afirka kudu da Sahara kuwa da ƙyar ake samunsu, alhali a nan ne kusan kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da cutar suke. Dashen ɓargo kansa yana iya kisa, shi ya sa ba a yi wa mai ƙanjamau shi sai in yana da sankara.

A duba Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Gadar kogin Kwara ta haɗa ta da Malanville ta ƙasar Benin, hanyar Kamba kuma ta kai Najeriya. Kafin rufe iyakar Benin a 2023, direbobin manyan motoci daga Kwatano kan yi kwana da kwanaki a bakin duwan suna jiran takarda. Cutar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na manyan Nijar ba, amma irin waɗannan mahaɗai take bi. Nau'in da ya fi yawa a yankin, CRF02_AG, ba shi ne na Turai da Amurka da aka fi nazari ba, ga kuma HIV-2, wadda Afirka ta Yamma ce gidanta.

Jinin Afirka ma yana da abin da zai koyar. A 2023 mujallar Nature ta wallafa nazarin mutane kusan 4,000 masu asalin Afirka, aka ga wani canji kusa da ƙwayar gado CHD1L yana rage yawan cutar a jini. A ganina, cibiyar bincike ta CERMES da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai sun cancanci a ba su kuɗi su bibiyi ma'auratan Gaya da ɗaya ke ɗauke da cutar ɗayan bai kamu ba, da yardarsu, bayan an yi musu bayani da Dendanci, Zabarmanci ko Hausa.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce jininsa ya fi ƙarfinta. Tun tsakiyar shekarun 1980 Frank Plummer da abokan aikinsa suka bibiyi mata masu zaman kansu a Nairobi, suka ga 'yan kaɗan da ba su kamu ba duk da yawan haɗuwa da cutar. Daga baya wasu cikinsu sun kamu, musamman waɗanda suka dakatar da sana'ar na wani lokaci sannan suka koma.