Maraici a Littattafan Matasa: Daga Marsiyyar Sakkwato zuwa Karatun Waya

Rubuta baƙin cikin rashi tsohon abu ne a Sakkwato. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi wa baffanta Abdullahi ɗan Fodiyo marsiyya bayan rasuwarsa a 1829, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, daga baya ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Da Fulatanci da Larabci ta yi su, ba ta kuma ɓoye hawayenta ba. Malama ce da ta san iyakar shari'a: kururuwa aka hana, zubar da hawaye kuwa rahama ce. Wannan ya ba ta damar faɗin zafin da ke ranta ba tare da wani ya ce ta rasa tawakkali ba.

Yara kuwa a tatsuniya suka fara sanin maraici, inda kishiyar uwa ke gallaza wa marainiya har ta dace da taimako, ta ƙare a gidan sarki. Tatsuniya ta damu da zaluncin da aka yi wa yarinyar, ba ta tsaya kan kewar uwar da ta rasa ba. A ganina, wannan gadon ne ƙagaggun labaranmu suka ɗauka, suka bar na marsiyya.

Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafan da aka daɗe ana karantawa a makarantu. Cikinsu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi kusantar wannan batu. Umar ya tashi maraya, aka sace shi yana ƙarami, aka kai shi ƙetaren Sahara. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, kuma ba su daɗe da saduwa ba ta rasu. Labari ne mai sosa rai, har Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Sai dai dattijo ne malami ke ba da shi cikin natsuwa, bayan ciwon ya daɗe da warkewa. Muryar yaron da abin ke ci a lokacin ba ta fito sosai ba.

Da adabin kasuwar Kano ya ɓullo a shekarun 1980, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka shigo da cikin gida cikin littafi. Marayu sun yawaita a labaran da suka biyo baya, amma yawanci mutuwar uba ƙofa ce kawai ta shiga rikicin gado, riƙon dangi da auren dole. Da an yi sadakar arba'in, an wuce wurin.

Yau ɗaliba a unguwar Gawon Nama ta Sakkwato, kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a waya take karatu, ta WhatsApp ko Wattpad. In tana jin Turanci, za ta iya cin karo da Wintergirls na Laurie Halse Anderson, na 2009, kan budurwar da ke hana kanta abinci, ko A Monster Calls na Patrick Ness, na 2011, kan yaron da uwarsa ke jinyar ajali. Likitan Ingila William Gull ya raɗa wa cutar ƙin cin abinci suna tun 1873, amma sai bayan fiye da shekara ɗari ta zama jigon littattafan matasa na Turanci.

A ƙasar Hausa matsalar ƙin cin abinci ta fi zuwa ta wata fuska. Yarinyar da ta daina ci bayan rasuwar mahaifiyarta, “ki yi haƙuri, ki daure ki ci” ake ce mata, in ta ci gaba da ramewa a fara zargin iska ko sammu. Wata kuma gorin rama ke tura ta shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, masu kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon suga. Waɗannan 'yan mata na cikin masu karanta littattafanmu, kuma da wuya su ga halin da suke ciki a shafi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata a 2016 ta fara ba da fili ga gajerun labarai kan abubuwan da a da ake rufewa a ɗaka, ana kuma karanta su a rediyo.